Riɗi da Lamba Saba'in da Bakwai

Idan ka bi ta bayan gidanmu a Gadarif da la'asar, za ka ji yara suna kiran "Luka, Luka," ka ɗauka wani ɗan unguwa ne. Ba ɗan unguwa ba ne. Wani Bature ne ɗan ƙasar Slobeniya, mai buga ƙwallon kwando a Amurka, wanda bai san akwai wani gari Gadarif a duniya ba, kuma ba na jin zai taɓa sani. Ƙanena Mutaz ne ya kawo mana shi a cikin waya mai fasasshen gilashi, shekarar da yaƙi ya koro su daga Khartum.

Ni sunana Sharu, direban lori ne. Ina ɗaukar leburori zuwa gonaki, in dawo da buhuna. A gidanmu kowa yana da kunya da kara sai ni. Abin da ke cikina shi ke bakina, kuma na sha zagi a kan haka tun ina yaro. To amma ku ji labarin nan, sannan ku gaya mini wanda ya fi ɓarna, mai baki ko mai shiru.

Mutaz ɗan Baffa Abdulmuminu ne, ƙanen babana, wanda ya tafi Khartum tun yana saurayi, ya yi aure a can, ya rasu kafin yaƙi. Da gari ya kama da wuta, matarsa Asha ta kamo hannun ɗanta suka zo mana a saman wata lori, da jaka ɗaya da ƙwallo da aka sace wa iska don ta shiga jakar. Yaron yana saukowa duk muka ɗaga kai. Ƙofar zaurenmu da babu wanda ya taɓa sunkuya mata, sai da ya duƙa kafin ya shiga. Takalmin ƙafarsa ya yage, babban yatsa a waje.

Lokacin gidaje sun cika da baƙi, wasu masu masaukin har sun fara gajiya. Wani maƙwabcinmu, ba zan kama suna ba, ya ce wa surukansa su koma makarantar da ake tara 'yan gudun hijira, unguwa ta yi ta maganarsa. Abin ya ƙona wa Baba rai. Babana, Modibbo, mutum ne da ba ya yawan magana, amma ranar ya tsaya a tsakar gida ya yi ta a gaban kowa.

"Asha, ki ji da kyau," ya ce. "Gidan nan na Abdulmuminu ne kamar yadda yake nawa. Wallahi bakina ba zai taɓa ce wa ɗayanku ya tafi ba, ko da wasa."

Asha ta yi kuka, Innarmu Fatu ta yi kuka, ni ma na ji daɗi. Ban san rantsuwar nan za ta zame mana abin da ta zama ba.

A Khartum Mutaz yana buga ƙwallon kwando a ƙungiyar matasa, kuma aka ce yana cikin waɗanda ake sa wa ido. A Gadarif kuwa ina za ka buga? Ƙasarmu baƙar laka ce. Da damina ta cire maka takalmi, da rani ta tsage har ƙafar ɗan akuya ta shige. Wuri ɗaya ne mai laushi, wato taga, filin da muke daɓewa a bayan gida don sussukar dawa. Yaron ya nemi izinin Baba, ya je wajen Haitham mai walda aka lanƙwasa masa rodi, aka kafa a kan turke. Da farko shi kaɗai yake jefawa, yara suna leƙe ta katanga. Kafin damina ta wuce sai da aka fara faɗan layi.

Wata rana na dawo daga hanya na same shi ya tara su yana nuna musu waya. Na leƙa.

"Wannan mai kumatun?" na ce. "Shi ne gwanin naku? Ai ni da shi tumbinmu ɗaya."

"Yaya Sharu, tsaya ka gani," in ji Mutaz, da Hausarsa mai haɗe da Larabci.

Na tsaya na gani. Mutumin ba ya gudu kamar sauran, ba ya wani tsalle na a zo a gani. Yana tafe da ƙwallo kamar mai zagaya kasuwar raguna ba da niyyar saye ba. Sai mai tsaronsa ya saki jiki, sai ya ja da baya ya jefa, ƙwallo ta shige. Wani lokaci ya miƙa wa abokinsa ba tare da ya kalle shi ba. Wallahi ranar na kamu. Duk rayuwata ana ce mini mai nauyin jiki, sai ga wani mai nauyin jiki duniya tana tafa masa.

Mutaz ya san tarihinsa kamar ɗan ɗakinsu. Ya ce ƙasarsu ƙarama ce, mutanenta ba su kai na Khartum ba. Ya ce yana ɗan shekara goma sha uku ya bar iyayensa ya tafi Madrid, ba ya jin yarensu, kuma kafin ya cika ashirin ya zama gwanin Turai duka, sannan Amurka ta ɗauke shi. Inna Fatu tana tsince wake tana ji. Ta ɗago ta ce, "Sha uku? Uwar ta bari?" Mutaz ya ce ta bari. Inna ta ce lallai matar tana da zuciya, ta ci gaba da wakenta. Shi kuwa yaron idonsa yana kan wayar, ya maimaita maganar Madrid ɗin a hankali.

Daga nan abin ya bazu. Telan unguwa ya koma ɗinka saba'in da bakwai, lambar rigar Luka, a bayan singiletin yara. Batoul mai jabana, wato mai sayar da kofi, wadda ba ta taɓa ganin wasan ba, duk wanda ya sha kofi ya ja da baya ba sallama sai ta ce masa ya yi mata Luka. Ni ma na sa aka rubuta mini lambar a ƙofar lori, har wani soja a shingen hanya ya tambaye ni ko lambar runduna ce. Shekarar da ƙungiyarsa ta Dallas ta kai wasan ƙarshe ta faɗi, yaran unguwarmu sun yini ba walwala kamar an yi musu rasuwa.

Amma gidan manoma ne gidanmu, kuma ƙwallo ba ta cika rumbu. Kakar farko Baba ya tafi da Mutaz gonarmu ta riɗi da ke wajen Gadambaliya. Wanda bai san riɗi ba bari in gaya masa. Riɗi ba ya jira. Da ganye ya yi rawaya sai a yanke shi da gaggawa, don in ya bushe a tsaye, kwanson ya buɗe baki ya zubar da komai a ƙasa. Ana ɗaure shi dami-dami, a jingina su kai sama, abin da muke kira hilla, ya bushe a haka, sannan a kifa a kakkaɓe a kan shimfiɗa. Mutaz bai sani ba, kuma kunya ta hana shi tambaya. Ya ɗauki busasshen dami kai ƙasa ya ratsa gona da shi, riɗi yana zuba a bayansa. Hannunsa ya yi bororo tun ranar farko. Leburori suka sa masa suna Dogon Banza. Da aka dawo gida kuma ya ji da kunnensa wata mata tana cewa ɗan Khartum ya ci tuwon mutum uku ya tafi wasan yara.

Ya je ya sami Baba. "Baffa," ya ce, "baɗi in Allah ya kai mu, ni zan yankar maka riɗi. Za ka gani."

Baba ya ce Allah ya kai mu. Ga rantsuwa ɗaya, ga alkawari ɗaya, a gida ɗaya.

Da damina ta biyu ta zo ƙarshe, Ustaz Eltayeb ya kira. Shi ne kocinsu na Khartum, yaƙi ya jefa shi Port Sudan. Ya ce yana tattara yaransa da suka warwatse, ya sami hanyar kai wasu Masar wajen horo, inda masu neman 'yan wasa suke zuwa kallo. Ya ce sunan Mutaz ne na farko a bakinsa. Sharaɗi ɗaya ne, ya iso Port Sudan kafin wata Juma'a da ya ambata, don a yi musu takardu tare su tashi. Kuma bana ce kaɗai, domin baɗi shekarunsa sun wuce na waɗanda ake ɗauka.

Ni ya fara gaya wa, a cikin lori.

"To me kake jira?" na ce. "Je ka gaya wa Baba yau."

"Riɗi ya kusa, Yaya."

"Riɗin ubanka ne? To, na ubanka ne, amma ba kai kaɗai ne mai hannu a ƙasar nan ba. Ka gaya masa."

Ya yi dariya ya ce zai gaya masa, khalas, magana ta ƙare. Washegari aka ɗauke ni aiki a Fashaga, jigilar leburori da buhuna, inda waya ba ta kamawa sai ka hau tudu ka yi addu'a. Na tafi da raina fari. A hanya har ina gaya wa mutane ƙanena ya tafi Masar, nan gaba za su gan shi a waya.

Sai bayan Juma'ar ta wuce da makonni na dawo. Na biya ta gonarmu don in ɗauki buhunan Baba. Tun daga nesa na hango wani dogo a tsakiyar shimfiɗa yana kakkaɓe dami. Babu mai wannan tsayin a duk Gadambaliya sai mutum ɗaya. Ban san lokacin da na kashe mota na diro ba.

"Kai, me kake yi a nan?"

Ya juyo. Ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta. Kuma ya iya aikin, wannan ne ya fi ba ni haushi. Ya kifa damin da kyau, ƙwaya ɗaya ba ta fita shimfiɗa ba.

"Sannu da hanya, Yaya," ya ce.

"Ajiye sannunka. Baba ne ya hana ka?"

"Bai hana ni ba."

"To me ya faru?"

Muka zauna a inuwar lori ya ba ni labari. Ya ce riɗi ya nuna kafin lokaci, leburori kuma sun yi ƙaranci, aka kwashe su zuwa kambo, bukkokin da ake kwana a gona, tun bai sami bakin magana ba. Uwarsa ta gaya wa Inna Fatu, don haka ya san maganar ta kai kunnen Baba. Ya yi ta jira Baba ya ce masa ka tafi. Baba bai ce ba. Ya ce a ransa, mutumin nan ya ci da mu ya sha da mu, bai taɓa ɗaure mana fuska ba, kuma na yi masa alkawari da bakina. Yanzu ranar da yake buƙatata in ce masa zan tafi wasa? In yana so in tafi ai da ya faɗa.

"Jakata a ɗaure take, Yaya," ya ce. "Na zo da ita kambo. Ranar da motar ƙarshe da za ta kai ni Port Sudan kafin Juma'ar za ta tashi, muna shan shayi da safe, ya ce mini, Mutaz, babu abin da kake so ka gaya mini? Na kalli gona, rabi ba a yanka ba, har wasu sun fara buɗe baki. Na ce babu, Baffa. Sai ya ɗauki laujensa, ni ma na ɗauki nawa."

"Ustaz fa?"

"Ya kira har ya gaji. Sun tafi."

Na ji kamar in mare shi, na ji kamar in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba. Haushina duk ya koma kan Baba. Dattijo ya san yaro yana da hanya a gabansa, ya yi gum saboda 'yan buhunan riɗi. Haka na ɗauka, kuma haka na tafi na same shi a bukkarsa yana gyaran igiya.

A gidanmu ba a tsayawa a kan Baba a yi magana. Na tsuguna dai, amma abin da na faɗa ba na mai tsugune ba ne. Na ce masa maraya ne, ɗan ƙanensa ne, abu ɗaya yake da shi a duniya kuma an bar shi ya wuce. Na ce da leburori ne matsala da an aiko mini, da na cika masa lori da su. Na ce riɗi ana shuka shi kowace shekara. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙa hannu bayan buhun da yake matashi da shi, ya jawo wata jakar leda mai kauri, ɗaurarriya da igiya, ya tura mini.

Na kwance. Kilishi ne a naɗe a takarda. Dakuwa irin ta Inna, cike da gwangwani. Garin gero da dabino. A ƙasa kuma takalmi, irin na 'yan wasa mai rufe idon sawu, na gwanjo amma mai kyau, an wanke shi fes. Kusa da shi akwai wani guntun karan dawa.

"Ranar da Fatu ta gaya mini na ce ta haɗa masa guzuri," in ji Baba. "Takalminsa ya mutu, ba zai shiga cikin mutane da shi ba. Ban san lambar ƙafarsa ba. Na bi sawunsa a laka bayan ya yi alwala, na auna da karan nan. Sai da na zagaye kasuwar Gadarif kafin na samu."

"To me ya hana ka ba shi, Baba?"

"In ce masa me? Ga guzurinka, kama hanya?" Muryarsa ta canja. "Na rantse a gaban uwarsa bakina ba zai ce wa ɗayansu ya tafi ba. Yaron da ya ji ana cewa yana cinye mana tuwo, ana tsakiyar yaƙi, in ɗauki kaya in miƙa masa. Zai ce Baffa ya gaji da ni. Shi ya kamata ya zo ya nemi izini, ni kuma in sa masa albarka, haka aka saba. Kullum ina jira. Ranar ƙarshe na buɗe masa ƙofa da kaina, ya ce babu. Na ce a raina, to, wataƙila ya fasa, wataƙila ba ya son barin uwarsa. Wa ya san cikin mutum?"

Ita ma Inna ba ta gaya wa Asha an haɗa guzuri ba, saboda dalili ɗaya da na Baba. Asha kuma da ta ji shiru ta ɗauka an ƙi, ta haɗiye. Mutum huɗu masu son abu ɗaya, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa, har mota ta tashi. Jakar yaron tana bukka ɗaya, guzurin yana bukka ta kusa da ita, tsakaninsu zana ce kawai. Ni da ba ni da kunya, wanda da na gama maganar kafin shayi ya huce, ina can Fashaga ina yi wa mutane alfahari. Wannan abu yana ci mini rai har yau, kuma ba na jin zai daina.

Baba ya ce kada in gaya wa Mutaz, zai ƙara masa ciwo ne. Na yi abin da ban saba ba, na yi shiru. Aka kwashe riɗi, ya yi albarka, kowa yana yabon Mutaz. Babu mai ce masa Dogon Banza kuma. Ya koma taga da la'asar yana koya wa yara, amma shi ba ya cika jefawa. Wani daga cikin abokansa da suka tafi yana turo masa hotuna daga Masar, a fili mai katako da fitilu. Yakan duba ya ce masha Allah, ya mayar da wayar aljihu.

Bayan kaka da 'yan watanni labari ya zo cewa Dallas ta sayar da Luka ga wata ƙungiya a Los Angeles, ba tare da kowa ya zata ba. Unguwa ta rikice. Yara suka taru a taga suna zagin mutanen da ba su san sunansu ba. Batoul ta ce butulci ne, ko da yake har yanzu ba ta ga wasan ba. Da yamma muna zaune a tsakar gida, ni da Mutaz muna maganar, Baba yana gefe a kan tabarma yana jan carbi.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," in ji Mutaz, "shi ba ya so ya tafi, aka ce masa tafi." Ya ɗan yi dariya. "Duniya kenan. Wani kuma yana so, ba a ce masa ba."

Ba da Baba yake ba, na tabbata, maganar ce ta kuɓuce masa. Amma carbin ya tsaya. Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da jakar ledar nan. Ashe bai taɓa ta ba tun kaka. Ya ajiye a gaban yaron ya koma tabarmarsa.

Mutaz ya kwance igiyar. Kilishin ya bushe ya yi fari, dakuwar ta daskare. Ya ɗaga karan dawa ya juya shi, bai gane ba, sai na gaya masa na mene ne, da ranar da aka yanke shi. Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Asha da ke bakin murhu ta rufe fuska da mayafi. Inna ta shige ɗaki.

Yaron ya daɗe yana kallon takalmin.

"Baffa," ya ce, "da ka ce mini."

"Da ka tambaye ni, ɗana," in ji Baba.

Mutaz ya kaɗe ƙurar ƙafarsa da hannu, ya zura ta dama, ya zura ta hagu, ya ɗaure igiyoyin har sama, ya miƙe tsaye. Baba ya sunkuyo ya danna gaban takalmin da babban yatsa, yadda ake yi wa yara ranar sallah.

Ya yi masa daidai.